Kwalin Banda Yana da Lissafi, Tamaular 'Ya'yanmu Mata Ba Ta da Shi

A ƙarshen watan Yuli na shekarar 2025 ne hidimar gida ta kai ni Kasuwar Kifi ta Baga Road, inda na saba sayen banda a rumfar wani dattijo da muka daɗe muna ciniki da shi. Na tarar da rumfar a cike, amma ba cinikin kifi ake yi ba, gardama ce ta kaure a kan 'yan wasan ƙwallon ƙafa mata na Nijeriya, waɗanda suka ciwo kofin Afirka karo na goma a birnin Rabat ranar 26 ga watan. Duk wanda ya kalli wasan nan ya san dalilin ɗokin. An tafi hutun rabin lokaci Maroko tana da ci 2, mu muna nema, aka dawo 'yan matan suka farke, sa'an nan suka ƙara ta uku ana dab da tashi. Kwana biyu bayan haka Shugaban Ƙasa Bola Tinubu ya yi wa kowace 'yar wasa alkawarin kuɗi daidai da dala dubu 100 da gida da lambar girmamawa ta ƙasa. To, wannan kyauta ita ce dillalai suka sa a gaba, suna juya ta zuwa naira, suna juya nairar zuwa kwalayen tarwaɗa, suna neman sanin mota nawa za ta cika zuwa Anaca.

Da lissafi ya kammala sai dattijon nan ya dube ni ya ce, "Malam, ku da kuke jami'a, me ya sa ba a jin sunayen 'ya'yanmu a cikinsu?" Kafin in buɗe baki wani matashi daga gefe ya riga ni, ya ce, "Allah ya kiyaye, Alhaji! 'Ya'yanmu ai 'ya'yan mutunci ne." Wannan matashi kuwa shi ne wanda ya fi kowa ɗaga murya wajen yabon ƙwallo ta uku. A daidai lokacin da yake wannan magana, 'yan mata uku da ba su wuce shekara goma sha biyu ba suka gifta ta gabanmu da farantan talla a ka, suna kutsawa tsakanin 'yan dako da direbobi, ba wanda ya ko ɗaga kai ya dube su.

Wannan tambaya ta Alhaji da wannan amsa ta matashi su ne suka sa na ɗauki alƙalami. Abin da nake son in faɗa ba shi da tsawo. Jami'o'inmu na Arewa suna da ɗalibai mata masu buga tamaula, sun kuma daɗe da su, amma mun zaɓi mu yi kamar ba mu gani ba, ba mu hana ba, ba mu kuma tsaya musu ba, ba mu rubuta ko sunayensu ba. Ni kuwa a ganina wannan hali na tsaka-mai-wuya ya fi hanawar muni, domin mai hanawa ya fito fili an san da wanda ake gardama.

Bari in fara da abin da na gani da idona. Shekarun baya wata ɗalibata ta nemi ta rubuta kundinta na neman digiri a kan kalmomin da 'yan wasa mata suke amfani da su a fili, da kirarin da suke yi wa juna. Na amince, na kuma ba ta shawarar ta fara da taƙaitaccen tarihin ƙungiyar mata ta wata jami'a da na taɓa zama a cikinta, wadda ba zan ambaci sunanta ba. Na san ƙungiyar ta wanzu, domin ina ɗalibi na sha wucewa ta bakin fili da la'asar ina ganin su suna atisaye, wata da hula, wata da ɗankwali ɗaure tamau, da yawansu da takalman makaranta. Muka rubuta wasiƙa, muka bi da ƙafa. Abin da muka samo bayan tafiya biyu shi ne hoto guda ɗaya da ruwa ya taɓa, 'yan mata goma sha huɗu a tsaye da durƙushe, ba suna a bayansa, ba shekara. Ma'aikacin da ya nuna mana shi mutumin kirki ne, ya yi ta ƙoƙarin tunawa, daga ƙarshe ya ce shi dai ya san mai tsaron gidan doguwa ce, kuma ya ji an ce ta yi aure. Tarihin ƙungiyar ke nan gaba ɗaya. A bangon ofishin kuwa ga hotunan ƙungiyar maza a jere cikin gilashi, har da sunan mai ɗaukar ruwa.

Yanzu mai karatu ya dawo da ni rumfar Alhaji. Dattijon nan bai yi boko ba, amma a ƙarƙashin tabarmarsa akwai littattafai masu baƙin bango da ya cika da ajami. Kowane kwali da ya sauka daga Baga ko Doro yana ciki, da sunan mai shi, da irin kifin, tarwaɗa ce ko karfasa ko ragon ruwa, da la'adar dillali, da bashin da ya rage. Shekarun da hanya ta rufe saboda fitina aka hana safarar kifi, har Baga ta faɗa hannun 'yan tayar da ƙayar baya a watan Janairu na 2015, littattafan nan ba su ɓace ba, kuma da kasuwa ta farfaɗo da su aka warware tsofaffin basussuka. Alhaji yana rubutawa ne domin kifi yana da daraja a idonsa. Mutum ba ya lissafin abin da ya raina. Saboda haka idan jami'a, wadda sana'arta ke nan rubutu da adanawa, ta kasa riƙe sunayen ɗalibai goma sha huɗu da suka sa rigarta, kada wani ya ce mini ƙarancin takarda ne.

Ba sai na yi nisa wajen kawo misalin abin da ake nufi da tarihin ƙungiya ba, amma akwai wanda ya fi kowane fitowa fili. A Amurka, Jami'ar North Carolina ta kafa ƙungiyar mata a 1979 a ƙarƙashin mai horarwa Anson Dorrance, wanda ya riƙe ta har zuwa 2024. A hannunsa ta ci kofin jami'o'in ƙasar sau 21, tara daga ciki a jere, daga 1986 zuwa 1994, kuma daga nan Mia Hamm ta fito. Ni da nake zaune a Maiduguri, wanda ban taɓa taka garin ba, na iya kawo waɗannan alƙaluma ne saboda wani ya zauna ya rubuta su wasa bayan wasa. Ba kuma daga sama abin ya faɗo musu ba. Wata doka ce ta 1972 ta haramta wa duk makarantar da take cin kuɗin gwamnatin tarayya nuna bambanci tsakanin maza da mata, har da fagen wasanni. Albarkacin wannan tsari ya iso har gidanmu. Mercy Akide da Florence Omagbemi sun sami gurbin karatu a Kwalejin Milligan da ke Tennessee bayan gasar duniya ta 1999, Michelle Alozie ta buga wa Jami'ar Yale, Deborah Abiodun kuma ta tafi Jami'ar Pittsburgh, inda Randy Waldrum, wanda ya kai Nijeriya gasar duniya ta 2023, yake horarwa a lokacin. Wato dai a can tamaula ƙofar karatu ce ga 'ya mace, mu kuwa a nan muna faɗa wa iyaye cewa kishiyar karatu ce.

Abin da ya fi ba ni mamaki, har wani lokaci ya kan ba ni dariya, shi ne yadda Arewa take da hannu dumu-dumu a cikin tarihin tamaular mata ta kowace fuska in ban da fuskar 'yan wasa. Gasar mata ta Afirka ta 1998 a Kaduna da Abeokuta aka buga ta. Wanda ya kai 'yan matan Nijeriya matsayi mafi girma da suka taɓa kaiwa a gasar duniya, wato zagayen 'yan takwas a Amurka a 1999, inda Barazil ta sha da ƙyar da ci 4 da 3 bayan ƙarin lokaci, shi ne marigayi Isma'ila Mabo, mutumin Jos, tsohon ɗan wasan Mighty Jets, wanda ya rasu a 2023. Justine Madugu da ya ciwo kofin Rabat ɗan Adamawa ne. A shekarar 2000 hukumomin Jihar Zamfara suka hana mata buga ƙwallo, sai ga shi bayan shekara 25 ɗan Zamfara, Ibrahim Musa Gusau, shi ne shugaban hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa a ranar da mata suka ɗaga kofi na goma. Mun ba da masu horarwa, mun ba da shugabanni, mun cika jirage da 'yan rakiya. A cikin fili kuwa sai an laluba a samo irin su Halimatu Ayinde, haifaffiyar Kaduna. Ashe dai tamaular mata halal ce gare mu matuƙar 'yar wani ce take gudun, mu kuma muna bisa kujerar manyan baƙi.

To, mece ce hujjar masu ƙi? Ba zan raina su ba, domin a cikinsu akwai malamaina da iyayena, kuma ba dukkan maganarsu ce shaci-faɗi ba. Hujjarsu mafi ƙarfi ita ce ta sutura da cuɗanya. Suna cewa bai dace 'yar Musulmi ta fito da gajeren wando a gaban dubban maza ba. Na yarda, ni ma ba zan so haka ga tawa 'yar ba. Amma wannan hukunci ne a kan wando da 'yan kallo, bai taɓa ƙwallon ba. Hukumar ƙwallon ƙafa ta duniya ta hana buga wasa da hijabi a 2007, mata Musulmi da ƙasashensu suka yi ta fafutika har aka janye hanin ɗungurum a 2014. A gasar duniya ta 2023 Nouhaila Benzina ta Maroko ta buga da hijabinta da dogon wando, duniya tana kallo. Ƙasar Saudiyya, wadda ba mu da bakin koya mata tsoron Allah, ta buɗe babbar gasar mata a 2022, kuma a 2023 'yar wasan bayanmu Ashleigh Plumptre ta koma ƙungiyar Al-Ittihad ta Jidda. Wasu sun yi gwagwarmaya sun buɗe mana ƙofa, mu muna nan muna kuka da makullin da aka daɗe da cirewa. Amma gudun kansa, ɗaliban hadisi sun san ruwayar da Abu Dawuda ya kawo ta tseren da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi da Nana A'isha har sau biyu. Ni ba malamin fiƙihu ba ne, ba kuma fatawa nake bayarwa ba. Ina dai cewa jami'ar da ta iya kewaye ɗakunan kwanan mata da katanga ta sa masu gadi, ba za ta gagara kewaye fili guda ba, ta ware wa mata yammaci biyu a mako, ta horar da mata alƙalan wasa.

Hujja ta biyu ita ce wai abin baƙo ne, ba al'adarmu ba ce. Wannan ita ce ta fi rauni. Ƙwallon maza ma ai ba a Gazargamu aka ƙago shi ba, amma ranar da El-Kanemi Warriors suka ciwo kofin ƙalubale a 1991 da 1992, da kuma 2024, ba wanda ya tambayi asalinsa. Hasali ma, idan aro ake gudu, hanin ma Turawa sun riga mu yin sa. A ranar 26 ga Disamba 1920 mutum dubu 53 suka cika filin Goodison Park na birnin Liverpool don kallon wasan mata, shekara guda bayan haka hukumar ƙwallo ta Ingila ta hana mata filayenta da hujjar wai wasan bai dace da jikinsu ba, hanin da bai tashi ba sai bayan shekara hamsin. Batun raunin jiki kuwa, a je a faɗa wa matar da ta tashi da asuba ta yi surfe da daka, ta ɗebo ruwa, ta goya yaro zuwa gona. A je a faɗa wa 'yan matan dandali da suke kwana gaɗa suna faɗawa da baya ana cafe su. Mu ne muke sa wa ɗakunan kwanan ɗalibai sunan Sarauniya Amina, wadda muke koyar da yara cewa ta jagoranci mayaƙa a kan doki, sa'an nan mu ce wa mazauna ɗakin gudun minti casa'in ya fi ƙarfinsu.

Akwai masu cewa garin da ya sha wuyar shekarun fitina, ya kuma sha ambaliyar madatsar Alau a watan Satumba na 2024, yana da abin da ya fi tamaula muhimmanci. Gaskiya ne. Amma ban ji an ce a rufe filin maza sai an gama gyaran gari ba.

Inda nake son in daɗe shi ne kalmar da matashin nan ya yi amfani da ita, wato mutunci. Kalma ce mai nauyi, shi ya sa ba na son a riƙa jefa ta inda aka ga dama. Yarinyar da take yawo da farantin soyayyen kifi tun safe har magariba a tashar motoci, ana ja mata mayafi, ana faɗa mata maganar da ba ta dace da kunnenta ba, a lokacin da sa'o'inta suke aji, wa ya tsaya wa mutuncinta? Wannan kasuwa ta Baga Road ta ga abin da ya fi haka. A watan Yuni na 2015 'yan mata aka ɗaura wa bam aka turo nan, rayuka da dama suka salwanta, har da nasu. Waɗannan ma 'ya'yan wasu ne, kuma ba filin ƙwallo ne ya kai su ga haka ba, rashin makaranta ne da rashin gata da faɗawa hannun miyagu. Al'ummar da ta ga wannan da idonta, ta kuma ci gaba da tura ƙananan yara talla, ba ta da hurumin ta nuna ɗalibar jami'a mai shekara ashirin, wadda ta rufe jikinta tana wasa da 'yan'uwanta mata a cikin katangar makaranta, ta ce ga inda mutunci ya zube. Mun bar jaki muna dukan taiki.

Ba kuma ina nufin duk wadda ta buga ƙwallo za ta ga dala dubu 100 ba. Kada lissafin dillalai ya ruɗe mu. Su kansu 'yan wasan ƙasa sun sha zaman dirshan kafin a biya su haƙƙinsu, kamar yadda suka ƙi fita daga masaukinsu a Abuja bayan sun ciwo kofi a 2016, suka kuma ƙaurace wa atisaye a Maroko a 2022. Ribar da nake hange ta fi wannan kusa: lafiyar jiki, da sanin yadda ake shan kaye a tashi, da yarinyar Biu da ta Gwoza da ta Anaca su koyi miƙa wa juna ƙwallo ba tare da tambayar addini ko yare ba. Garin nan ya san tsadar rashin wannan darasi.

Daga ƙarshe dole in juya bulalar a kanmu, mu ma'abota nazarin Hausa. Mun fi kowa sanin cewa bajinta ba ta rayuwa sai da mai faɗarta. An yi 'yan dambe da yawa a ƙasar Hausa da hannunsu ya kai na Shago, amma Shago ne yaro yake ji har yau, domin ya sami Ɗan Anace. Mun cika kantoci da kundaye a kan dambe da kokawa da sharo da wasannin tashe, muna yi wa wannan aiki kirari da ceto al'ada daga ɓacewa. Ga wani abu yana faruwa a bayan tagar ofisoshinmu, da kalmominsa da laƙabobinsa da zambonsa da habaicinsa, Hausa da Barbarci da Turancin Buroka a cakuɗe, muna kau da kai domin muna tsoron a ce Dakta wane yana kallon 'yan mata. An kafa gasar wasannin jami'o'in Nijeriya tun 1966 a Ibadan, Jami'ar Maiduguri da aka kafa a 1975 ta taɓa karɓar baƙuncinta, haka Zariya da Kano. Matan da suka wakilci makarantun Arewa a irin waɗannan taruka yau iyaye ne, wasu malaman makaranta, wasu ma'aikatan jinya, wasu 'yan kasuwa. Suna raye, kuma a ƙwaƙwalwarsu kaɗai tarihin yake. Kowace shekara muka yi jinkiri, wani shafi ne yake yagewa.

Abin da nake nema bai kai kuɗin fentin ƙofar jami'a ba. Kowace jami'a da take da ƙungiyar mata ta sayi littafi guda, a rubuta sunan kowace 'yar wasa da sashenta da shekararta, da kowane wasa da sakamakonsa, ko an ci ko an sha kashi, a ajiye kwafi a ɗakin karatu. A rubuta suna a bayan kowane hoto kafin a rataye shi. Sassan Hausa kuma su tura ɗalibansu mata su nemo tsofaffin 'yan wasa su ɗauki muryoyinsu, da izininsu da na iyalansu. Wadda ba ta son a ambaci sunanta a sakaya, amma a rubuta labarin.

Na koma rumfar Alhaji bayan mako biyu. Wata Hajiya mai sayar da busasshen kifi a layin baya, wadda ta ji gardamarmu ta farko ba ta ce uffan ba, ta yafuto ni. Ta janyo wani kwali daga ƙarƙashin tebur ta buɗe, sai ga takalman ƙwallo da safa da dogon wando a naɗe cikin leda. Ta ce, "Malam, na 'yata ne, tana aji uku a babbar makaranta. Baffanta ya rantse in ya gan su a gida sai ya ƙone su, shi ya sa a nan take ajiyewa. Tun tana shekara tara take ɗaukar mini faranti a kasuwar nan, bai taɓa cewa komai ba." Na tambaye ta wane matsayi yarinyar take bugawa, ta ce ita dai ba ta san kan abin ba, amma ta ji ƙawayenta suna kiran ta Katanga. Na nemi izininta in rubuta, ta ce in rubuta laƙabin ban da sunan. Na ari biro a wurin Alhaji, na rubuta a bayan takardar da aka ƙunshe mini banda: Katanga, 'yar baya, 2025.